Kaskon Turare a Bakin Tekun Ingila

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Al Nahda a Dubai, ni da ƙanwata, don mu riga ma'aikatan da ke shigowa daga garin Sharjah hawa titi. Direban tasi ya kalli akwatunanmu ya girgiza kai, ƙarshe dai sai da muka ɗora guda a cinya har filin jirgi.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Ɗaki ɗaya muke kwana tun zuwanta Dubai, ni ina tura wa 'yan kasuwar Kano kaya, ita tana asibiti. Sai ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi a wani ƙaramin gari na bakin teku a Ingila. Umma ba ta hana ba, amma ta kafa sharaɗi ta waya daga Kano: in raka ta, in gani da idona. Ta ce, "Idan babu maƙwabcin da zai leƙa ta ranar da ta kwanta ciwo, ki dawo min da ita." Na amsa da to. A raina kuwa dawowar nake so, don ban saba kwana ni kaɗai ba.

Daga Landan jirgin ƙasa muka shiga. Gonaki kore shar, tumaki a ƙoshe, babu makiyayi ko ɗaya. Na sayi shayi a tasha, abin da na biya zai sai min shawarma biyu a Dubai, shayin kuma salam, ko citta babu.

Garin a kan tudu yake, duk titin da ka bi gangarawa yake zuwa ruwa. Tekun toka-toka ne, bakinsa tsakuwa maimakon yashi, ga iska da ke shiga har ƙashi. Mutanen kuma suna zaune a benci cikin manyan riguna suna shan askirim. Yawancinsu tsofaffi ne, kowa da karensa, kuma na lura karen ake fara gaisarwa. Kantuna suna rufewa tun kafin magariba. Masallacin garin ɗaki ne a saman wani shagon gyaran waya. Mun ci kifi da dankalin da ake ta yabo, ba laifi in an barbaɗa yajin da muka taho da shi. Rabin nawa wani farin tsuntsun teku mai girman zabuwa ya fizge daga hannuna, ba wanda ya ko waiwayo.

Gidan da ta kama tsohon bene ne mai hawa huɗu, ita tana na uku. Washegari muka yi abin da aka koya mana, muka zuba dabino a faranti muka bi ƙofa ƙofa. Wani dattijo ya buɗe iya faɗin fuskarsa, ya ce ba ya sayen komai. Wata ta yi godiya ta cikin ƙofa. Sauran shiru, ga ƙarar talabijin muna ji. Ƙanwata ta dawo ta zauna a kan akwati. Ni kuwa na riga na gama haɗa abin da zan faɗa wa Umma.

Ɗakin warin danshi yake yi, kuma a wurinmu ba a shiga sabon gida ba a turara shi ba. Da hantsi na ciro kaskon da na naɗo cikin zannuwa tun daga Dubai, na kunna gawayi, na zuba turaren wuta da hannu sake, na rufe tagogi don ya kama labule. A Al Nahda ma akwai na'urar jin hayaƙi a rufi, amma tun kafin mu tare wani ya ɗaure mata leda, har na manta amfaninta. Ta nan ba a ɗaure take ba. Ta tsala ihu, ta kowane hawa ta amsa.

Duk mutanen da suka ƙi buɗe mana ƙofa sai ga su a matakala, wasu da silifas, wata rungume da kyanwa. Muna tsaye a waje cikin iska ƙanwata ta ɗaga kai ta hango labule yana motsi a hawan ƙarshe. Lifta ba ta aiki idan ƙararrawa ta tashi. Kafin in riƙe ƙanwata har ta koma ciki. Can sai ga ta da wata tsohuwa mai sanda, ta riƙo ta ta ƙugu irin riƙon da ta iya a wurin aiki, suna saukowa a hankali.

'Yan kwana-kwana suka zo da mota guda. Babbansu ya fito da kaskon a hannu yana juya shi, ya tambayi na wane ne. Na ce nawa ne. Ya yi min bayani cikin ladabi mai sanyi, wanda na gwammace zagi a kansa. Da rana wakilin mai gida ya kira ya ce idan aka sake, to a nemi wani wurin.

Da la'asar aka ƙwanƙwasa. Tsohuwar ce. Na ɗauka faɗa ta kawo, har na gyara tsayuwa. Ƙanwata ta fassara min abin da ban kama ba: tun rasuwar mijinta babu wanda ya hau ya duba ta, kuma yau kowa ya wuce ya sauka abinsa. Tsohuwar ta nuna rufin ɗakin da sandarta. Ta ce gadonta daidai nan yake a sama. Kullum da safe za ta buga ƙasa, ƙanwata ta amsa da sandar tsintsiya. Ranar da ɗaya ba ta ji ɗaya ba, ta je ta duba. Ta ɗauki dabino biyu ta tafi.

Safiyar da zan taho na ji bugun da kunnena. Ƙanwata ta hau kujera ta amsa, tana dariya.

"Yaya, me za ki ce wa Umma?"

"Abin da na gani."

Na sauka Dubai cikin zafin da na saba. Ban ko kwance kaya ba Umma ta kira. "Tana da mai leƙa ta?" Da na ce a'a, da magana ta ƙare, ƙanwata ba za ta tsallake umarninta ba. Na ce tana da ita, ta ma girme ki. Umma ta yi hamdala ta yi ta sa albarka.

Abin da tafiyar ta nuna min shi ne can ma akwai maƙwabtaka, sai dai ba ta ƙofar da muka saba take shigowa ba. Kaskon ni na dawo da shi. Na kunna shi a Al Nahda, ƙarƙashin na'urar nan mai leda, hayaƙi ya cika ɗakin har kan gadon da babu kowa. Na daɗe ina saurare, babu wanda ya buga daga sama.