Dubu Goma da Ɗaya

Akwai wata Laraba da ba na mantawa da ita, a shekarata ta farko ta koyar da lissafi a wata sakandare kusa da Ƙaraye. Mun yi jarrabawar zaɓen ɗalibi ɗaya da zai wakilce mu a gasar makarantu a Rogo, kuma washegari za a aika da suna.

Shugaban sashenmu, Malam Sule, shi ya tsara tambayoyin da amsoshinsu, ni kuwa nawa maki ne kawai. Saura masa wata biyar ya yi ritaya, kuma rabin malaman makarantar ɗalibansa ne.

Tambaya ta ƙarshe ta ce: shin 10,001 tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu? Takardar Malam ta ce e. Wata yarinya daga Tudun Kaya, Hindatu, ta ce a'a, ta rubuta 73 sau 137. Na ninka sau uku ina fatan ita ce ta yi kuskure. Ina! Gaskiyarta ce, kuma rashin makin nan ne ya mayar da ita ta biyu, a bayan wani yaro.

Ƙa'idar aikin ita ce a yi ta gwada rabawa har a kai ɗari, tunda ɗari sau ɗari dubu goma ne. Ashe Malam a hamsin ya tsaya.

To wa ya isa ya ce wa Malam Sule ya yi kuskure a ɗakin malamai? Ni dai tsoro ya kama ni, har na so in ja bakina in yi shiru. Amma bayan la'asar na hau babur zuwa gidansa a Yammedi. Muka gaisa, na tambayi iyali da gona, sannan na ce, "Allah gafarta Malam, wani ninki ne ya rikita ni, ko za a duba mini?"

Ya ɗauki tsinke ya yi lissafin a ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa, ni kuma tausayinsa ya cika ni.

"Ba kai ka rikice ba, Habu," in ji shi. "Takardar wa ce?"

Da safe ya shiga ajin da kansa, ya rubuta ninkin a allo, ya ce, "Shekara ashirin ina koyar da wannan lamba ba daidai ba. Ni na gaji a hamsin, Hindatu ba ta gaji ba." Ya soke sunan da aka rubuta, ya sa nata, ya ba wancan yaron haƙuri a gaban kowa.

Da muka fito ya ce, "Na gode da ka rufa mini asiri. Amma da babur ɗinka ya lalace a hanya fa, shi ke nan haƙƙin yarinya ya tafi?"

Tun ranar na san cewa a aikin nan girmama na gaba wajibi ne, amma bai halatta ɗalibi ya biya kuɗinsa ba.