Alƙalamin da Auta Ya Tauna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran ƙanina, autan mahaifiyarmu, bayan gajeren zazzaɓi. Har yanzu in na faɗa, sai in ji kamar labarin wani gida nake bayarwa.

Auta, ni na goya ka, ni na raka ka makarantar allo ranar farko, amma ka tafi ban gama gane sana'arka ba. Masu zuwa gaisuwa suna tambayata abin da kake yi, in ce zane. In suka ce wane iri, sai in ce na kwamfuta. Abin da na sani, kana jera ƙananan ɗigogi masu launi a kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, har su zama gida ko bishiya a wasannin waya. Ran da ka fara nuna mini, dabbare-dabbare kawai na gani. Ka ce, "Yaya, ja da baya." Na ja, sai ga ɗakin girkin mahaifiyarmu, har da butar nan mai lanƙwasasshen baki. Fita na yi na share idona.

Na taɓa yi maka magana a kan hukuncin zana abu mai rai. Ba ka yi musu ba. Ka je ka tambayi malamai, ka dawo mini da amsoshi biyu mabambanta, ba ka ɓoye ko ɗaya ba. Daga ranar, duk abin da za ka nuna mini sai ka zaɓo marar fuska. Na lura, godiya ce ban yi ba.

'Yata, yarinyar da akan wuni ba a ji muryarta ba, a gefenka bakinta ya buɗe. Da ka ce za ka nemo mata allo na yi murna, na ɗauka hadda za ta koma, har na tanadi tawada. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Yaya, wannan allon ba ya shan tawada, kuma ba a wanke shi."

Ka aro guda biyu wurin abokinka mai shagon kwamfuta, a gwada, a riƙe ɗaya a mayar da ɗaya. Na farko mai gilashi ne, zane yana fitowa a ƙarƙashin alƙalami. Na biyu ƙarami ne, baƙi wuluk, a kansa ake rubutu amma a fuskar kwamfuta yake bayyana. Ka ce aikin ɗigo ba ya neman mai tsada, wasu ma da linzamin kwamfuta kawai suke yi. To, me ya kawo mai gilashin? Ban tambaya ba. Manhajojin zane kuma uku ka lissafa: wata ta saye, wata mai sa zane ya motsa, wata kyauta. Na ce kyautar nan ba ta sata ba ce? Ka ce masu ita ne suka sadaukar. Daga baya abokinka ya gaya mini ya yi maka tayin ta sata, wadda aka fasa makullinta, ka ce ba za ka fara wa 'yar Yaya da kayan haram ba.

Ka ce ranar Juma'a za ka zo ka faɗi wanda za mu riƙe. Zazzaɓi ya riga ka.

Tun da aka kai ka, yarinyar nan ta lulluɓe allunan da mayafi, ta koma shirunta, har ya fi na da. Wannan ne yake cin raina. Mai shago ya ce babu gaggawa, amma kayan mutane amana ne. Na tambayi abokanka, kowa da nasa: wannan ya ce mai gilashi ya fi sauƙi, wancan ya ce baƙin ya fi ƙarko. Na fito da ruɗu fiye da wanda na shiga da shi.

Jiya na yaye mayafin, da niyyar in mayar da duka in huta. Sai na ga gindin alƙalamin baƙin allon duk shatin haƙori. Auta, ashe ba ka daina ba? Tun kana tauna alƙalamin kara malam yana ja maka kunne. Ban sani ba ko zaɓi ka yi, ko halinka ne kawai ya motsa. Abin da na sani, ba a mayar wa mai kaya da abin da aka tauna.

Na zauna na riƙe shi kamar zan rubuta Bismillah. Na ja, na danna, babu abin da ya fito. Daga bakin ƙofa na ji an ce, "Mama, ba ki jona ba."

'Yata ta zo ta jona allon da kwamfuta, ta ɗago mini haɓa. "Kawu ya ce hannu a ƙasa, ido a sama."

Ta karɓi alƙalamin. Wace manhaja ta buɗe a cikin ukun, ban sani ba. Na ja da baya kawai, kamar yadda ka koya mini.

Allah Ya jiƙanka, Auta, Ya haskaka makwancinka, Ya wanke allonka daga duk kuskure, na gangan da na rashin sani. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta yi jinyarka da haƙuri, da 'yan'uwanmu, da abokan aikinka. Allah Ya ba mu dangana, Ya yi wa hannun yarinyar nan albarka, Ya kyautata namu zuwan. Amin.