Ajin Kurame na Bayan Gagarawa

Har gobe ban mantawa da ranar da muka je rufe ajin kurame a wani ƙauye bayan Gagarawa. Wajen 1994 ne, ina direba a ofishin ilimi na Gumel, ina jan wata Fijo da ta girmi kakata.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda ake duba makaranta a da ba. Sufeto ba ya shiga aji. Bayan taga yake laɓewa ya kasa kunne. Ajin da yara ke rera karatu har kwano na rawa, malaminsa gwani ne. Ajin da ya yi tsit, malaminsa ya tafi cin kasuwar Maigatari.

To, sai aka kawo mana sabon sufeto, Alhaji Sabo. Ya laɓe a tagar ajin Malama Rifkatu, 'yar Filato mai koyar da kurame, bai ji ko tari ba. Hedimasta ya ce ai kurame ne. Alhaji ya ce ya sani, amma me ake koyarwa a shiru? A mayar da ita Sule Tankarkar, a ba 'yan aji uku ɗakin, kuramen su koma gida.

Ni kuwa abin ya tsaya min a rai, ina son ganin cikin ɗakin nan. Da muka zo tafiya, Fijo ta ƙi tashi. Kada ku tambaye ni dalili. Ga rana kamar za ta gasa jaki, ga ajin Malama shi ne mai rufi mai kyau. Dole Alhaji ya shiga, ina biye.

Wallahi tashar mota ba ta kai ɗakin nan surutu ba, sai dai duk da hannu ake yi. Wata yarinya, Hansatu, na allo tana raba lamba, wani ɗan ƙato na musa mata, har ya buga benci. Malama ta ce shi ne bai iya ba. Alhaji ya ƙirga da yatsu a ɓoye, ya ga haka ne.

Can sai yaran suka dube shi, kowa ya kafa tafi a bayan kunne, suna dariya.

"Malama, me suke cewa?"

"Sunanka ne, ranka ya daɗe. Tun ɗazu suna ganin inuwarka a taga."

Na ce yau an kore mu duka. Sai Alhaji ya gyara zama ya ce, "Shi direban fa?"

Suka kama sitiyari suna hamma. Sharri ne, amma na yafe.

Sai la'asar muka bar ƙauyen, Alhaji na ta tambayar yadda ake cewa gero, yadda ake cewa ƙarya. Aji bai rufu ba, Malama ba ta je ko'ina ba.

Abin da na gane a aikinmu, in za a rage wani abu, da wanda ba zai zo ofis ya ɗaga murya ba ake farawa. In kun ji an ce a soke wuri, ku fara shiga ku zauna tukuna.