Ƙuri'un da Na Ɓoye a Hijabi, da Hannun Malam Haruna

'Ya'yana, ni dai uwa ce, mai tuyar awara a wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo. Karatuna na yaƙi da jahilci ne. Malam Haruna, maƙwabcinmu, shi ya riƙe hannuna har na iya rubuta sunana.

Abin ya fara da sabulu da taliya. Wani ɗan siyasa ya ce in riƙa raba wa matan kulle, tunda ni ke shiga gidaje. Daga nan sai karɓo masa katunan zaɓensu. Ana gobe zaɓen shugaban ƙasa ya kawo mini ƙuri'u da aka riga aka dangwale.

Ya ce, "Inna, wane namiji zai laluba matar aure? Ki sa a hijabi kawai."

Na ce, "To, Alhaji."

A layin mata na zura wasu cikin akwati, sauran suka maƙale mini a cikin hijabi. Malam Haruna ne ma'aikacin rumfarmu. Da yamma ya faɗi adadin mutanen da na'ura ta tantance, sannan aka juye akwati, jama'a na ƙirgawa tare da shi da baki, kamar yadda muka saba. Aka kai adadin na'ura, ƙuri'u ba su ƙare ba.

Wani ya ce, "Malam, su aljanu ne suka yi sauran?"

Ba wanda ya yi dariya. Gora ta fara sauka a bayan Malam Haruna, wai shi ya zuba ƙarin. Ya ɗaga hannu yana rantsuwa, wani matashi ya kai masa sara da adda. Na ga hannun yana lilo, jini na zuba kan takardun. Suka ci gaba da tattaka shi. Na faɗa kansa ina cewa, "Ni ce, wallahi ni ce." Aka fizgi hijabina, sauran ƙuri'un suka zube ƙasa. An fasa mini kai kafin 'yan sanda su janye ni. Alhajin kuwa ya ce bai taɓa ganina ba.

A gidan yari na ji ana musu, rediyo ya faɗi jimillar ƙuri'u daban, wadda ake gani a waya daban. Ban san dalilin na sauran wurare ba. Na rumfarmu dai ni ce.

Da na fito, gidan Malam na fara zuwa. An yanke hannun daga gwiwa. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Na yafe, Inna. Kina dai rubutun?"

Na ce ina yi.

"To ki rubuta wa yara abin da ya faru. Ni yanzu ba na iyawa."

Shi ne na rubuta. Duk wanda ya ba ku abu ya ce ku ɓoye, ba za a laluba ku ba, ku mayar masa tun yana tsaye a ƙofa.