Kwanciyar Gwaji a Salon ɗin Inna Hadiza

Cikin duk shekarun da na yi ina kitso a Madawa, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Zali ta zo daga Allakaye. Gab da damina ne, lokacin da 'yan cin rani ke komowa noma. Mijinta na hanya daga Abijan, ita kuwa zazzaɓin da ya kwantar da ita ya zubar mata da gashi, sai ɗan kaɗan ya rage.

Ta cire kallabi tana kallon ƙasa, ta ce a sa mata meshi mai yawa, wato gashin ƙari, ya sauko har kafaɗa.

Patironarmu, wato mai shagon, Inna Hadiza, ta shafa kan a hankali. Ta ce, "Ɗiyata, mai nauyi zai tsinke sauran. Zan sa miki marar nauyi, amma sai kin koyi kwana da shi."

Ga masu shigowa aikin nan, ku sani meshi ba da rana yake lalacewa ba. A kan matashi yake cukurkuɗewa, ya ja saiwar gashi, balle da zufa.

Da muka gama, Inna ta ce in shimfiɗa tabarma. Rana tsaka, ga mata na jira, ta sa Zali ta kasa kitson biyu, ta tufke sako-sako, ta shafa man kaɗe a fatar kai kawai, ta ɗaura kallabi mai santsi.

"To, kwanta yadda kike kwana gida."

Zali ta kwanta tana dariyar kunya, ta danne tufkar da kafaɗa. Inna ta durƙusa, da ciwon gwiwarta, ta zaro ta, ta mayar sama.

"Haka. Kuma kada ki kwanta da shi jiƙe, ko mi ya faru."

Ta sa ta tashi ta sake, har hannunta ya saba.

Bayan girbi Zali ta dawo a bayan babur ɗin mijinta. Da muka tsefe, nata gashin ya tsiro baƙi ƙirin, har yana kamuwa. Ta ce a yi mata shuku da nata kaɗai.

Tun ranar na gane cewa aikinmu ba ya ƙarewa gaban madubi. Kan da ka kitsa gida zai je ya kwana, kuma hakkinsa na wuyanka har a can.