Shanun Zailani Masu Jin Turanci

Ranar Lahadin da Zailani ya sayo bijimansa biyu a kasuwar Mai'adua, hadari ya haɗu tun hantsi, gari ya yi zufa kamar an kifa tukunya, amma ko ɗigo bai sauka ba. Tare muka je, don ni maƙwabcinsa ne a ƙauyenmu da ke bayan Sandamu. A hanyar dawowa ya sayi tsire, aka naɗe masa a wata takarda mai rubutun boko. Muka cinye naman, shi kuwa ya miƙar da takardar a cinya ya sa a aljihu.

Zailani mutum ne mai kunya, bai iya cewa a'a ba. A wajenmu kuwa, in kana da shanun huɗa, ɗan'uwa ya zo aro, ba a hanawa. Shanunsa na farko haka suka ƙare, sun huɗe gonar kowa ban da tasa. Wata shekara sai da ya je aron nasa shanun wajen Ɗantsoho, ƙanen mahaifinsa, aka ce masa ya dawo jibi.

Ya kai takardar wajen Malam Sha'aban, tsohon malamin firamare. Malam ya sa tabarau ya duba, ya ce jerin kalmomin Turanci ne dogaye, kowace da ma'anarta a gefe, kuma dukkansu haruffa huɗun ƙarshe iri ɗaya ne. Zailani ya ce ai dangi ne ke nan, wutsiyarsu ɗaya, kamar shanun garke guda. Ya roƙa a karanta masa. Wadda maiƙo ya cinye ma'anarta aka bar ta. Cikin sauran ya zaɓi huɗu, yana ƙirga haruffan da ƙwayar gyaɗa don kada a ba shi gajera. Taransifoteshan, wato sufuri, ita ce tafi. Sakuleshan, wato zagayawa, ita ce juya. Tamineshan, wato yankewa, ita ce tsaya. Ta huɗun, kwangiratuleshan, taya murna ce, ya ajiye ta don lokacin ba da dusa.

Rani biyu yana horar da su a bayan gida, da murya ƙasa-ƙasa. Da damina ta zo, Ɗantsoho ya zo aro, Zailani ya ba shi da hannu biyu har da raka shi bakin hanya. Kafin azahar ya dawo da su yana huci. Ya ce ya yi musu tsawa da Hausa, ya nemo mai Fillanci, shanun sun tsaya suna kallonsa kamar ya zo neman aure. Zailani ya ce Allah ya kyauta, wataƙila rana ce. Mutum biyar suka ara a shekarar, duk suka mayar. Bai hana kowa ba, kuma gyaɗarsa ta fi ta kowa.

Shekara ta uku ruwan shuka ya makara. Da ya zo, ya sami Zailani a kan babur daga Daura, ya jiƙa shi sarai. Washegari ya tashi murya ta dishe, sai iska ke fita. Gonarsa jigawa ce, laima ba ta wuce kwana biyu. In ba a huɗa ba a cikinsu, gyaɗar bana ta tafi, ga irin an riga an ɓare.

Ya zo ya ja ni da hannun riga. A gona ya riƙe garma, ya raɗa mini kalmar tafi a kunne. Na faɗa sau shida kafin shanun su yarda da ni, suka ɗaga ƙafa. Matsalar ita ce numfashina gajere ne. Da muka kai ƙarshen kunya na fara kalmar juyawa, na huta a tsakiya, kafin in kai wutsiyarta mun tsallake iyaka. Kunya uku muka yi wa Ɗantsoho, yana zaune a gindin gawo yana sa mana albarka. Na nemi kalmar tsayawa na rasa, sai ta dusa ta zo bakina. Shanun suka juya da gudu sai gida, Zailani na biye da garma.

A ƙofar gida muka tarar da matarsa Barakatu ta fito da ƙwaryar fura za ta kai mana. Ta dubi shanun, ta ce, “Tamineshan.” Suka tsaya cak.

Zailani ya zaro ido yana nuna ta da yatsa.

Ta ce, “Malam, zana ce fa tsakaninka da madafi. Rani biyu kana yi. Murjanatu ta gidan Baba Ɗantsoho ma ta iya, da Turancin take korar awaki.”

Ashe duk matan layinmu sun haddace, ba wanda ya tambaye su ne kawai. Ranar Barakatu ta zauna a kan turmi a bakin gona, tana ba shanu umarni tana tsince wake, muka gama huɗa kafin la'asar. Aka shuka washegari da sauran laima, gyaɗa ta tsira.

Amma mutane sun gani. Kafin muryarsa ta dawo, kowane magidanci ya zauna gaban matarsa ya ɗauki darasi. Zailani ya koma wajen Malam Sha'aban neman wani dangin kalmomi, Malam ya ce shanun sun tsufa da sauya makaranta.

Zailani yana nan a gidansa, lafiyarsa ƙalau, ya koma noma da hauya. Shanun yau suna gonar Ɗantsoho, gobe suna tawa.