Enid Mai Yi wa Ƙarfe Haƙora

Kafin motar madara ta gama zaga Ecclesfield, Enid Staniforth ta riga ta sha shayinta ta shige rumfar bayan gida. Takan hau kujerar da mahaifiyarta ta bar mata, ta kwantar da ƙarfe a kan dalma, ta danne shi da maɗaurin fata da take takewa da ƙafa, sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kurfin sassaƙa ƙarfe a hagu, guduma a dama, tana fitar wa magagari, wato abin goge ƙarfe, haƙora ɗaya bayan ɗaya, idonta kuwa yana taga tana duba wa ya makara zuwa aiki. Tun tana budurwa take wannan sana'a. Inji ya sallami duk abokan aikinta, ita ce dai bai gane ƙofarta ba.

Mijinta Wilf ne ke ƙera wuƙaƙen yanka igiya na masu jirgin ruwa. Da magagarinta yake goge su, sannan ta yi wa rabin bakin kowace wuƙa haƙora. Wilf yakan gaya wa baƙi cewa shi ne shugaban wurin. Enid takan ce, "Haka ne, Wilf. Je ka ɗora ruwan shayi."

Wuƙarsu ba ta da tsini, kanta a dakushe yake. A kan haka suka yi rigima da Dennis Leadley, wani ƙaton mai kamun ƙaguwa daga Whitby.

"Anti Enid, ni dai a yi mini tawa da tsini. Abokaina dariya suke mini, wai ta shafa man shanu ce."

"Igiya za ka yanka ko yaƙi za ka tafi?" in ji ta, ba ta ko tsayar da guduma ba. "Ran da taguwar ruwa ta wurga ka, da wannan tumbin naka ina tsinin zai sauka?"

Dennis ya karɓa yana gunaguni.

Da bazara ta shigo, yana sakin tarkunansa a teku sai igiya ta naɗe masa ƙafa ta fizge shi cikin ruwa. Nauyin tarkuna na jan sa ƙasa, sanyi ya kashe masa yatsu, ba ya ganin komai. Ya lalubo wuƙar da ke wuyansa, ya cusa ta tsakanin igiya da cinyarsa yana ta gurza. Da mai tsini ce da ya farke jijiya. Haƙoran nan suka ci igiyar. Cikin ruɗewa kuma ya haɗa har da ɗamarar wandonsa. Jirgin da ya tsamo shi na masu yawon buɗe ido ne, cike da tsofaffin mata daga wani coci. Suka jawo shi sama da ransa, wando kuwa ya bi tarkuna.

Bayan ya warke ya zo Ecclesfield da matarsa da kwandon ƙaguwa. Matar ta rungume Enid tana kuka. Enid ta ɗan bubbuga mata baya, ta leƙo Dennis ta kafaɗarta.

"Ina wuƙar?"

"Ta faɗa teku, Anti."

"Ka jefar mini da aiki a ruwan gishiri? Wilf, kana jin sa?"

Ta juya tana gyaran kurfi wanda ba abin da ya same shi. Wilf ya rantse ya ga tana share ido. Ita ta ce garin ƙarfe ne.

Enid, ke ce wadda masu jirgi ba su san fuskarta ba, amma aikinki na rataye a wuyansu. Ke ce mai bakin kaifi da wuƙa marar tsini. Akwai 'ya'yan da ke cin abinci da ubansu yau saboda ba ki taɓa cewa "haka ma ya isa" ba.

Yanzu ciwon gaɓɓai ya kama mata yatsu, ta ajiye guduma a watan jiya. Mun gode, Enid, mu da muka tashi da ƙarar rumfarki. Masu sana'a su yi koyi da ita: a yi wa mutum abin da zai cece shi, ko da zai tafi yana fushi. Mai son koyo kuma ƙofa a buɗe take ran Asabar.

Wanda ya fara zuwa shi ne limamin cocinmu, Fada Aldous. A bugu na farko ya sauke guduma kan babban yatsansa, ya saki wata kalma da ba ta cikin littafin addu'a. Enid ta gyara tabarau ta dube shi.

"Madalla, Fada," ta ce. "Ka iya rabin sana'ar. Saura haƙoran."